Kwana 21: Yadda Ake Bin Sawun Zazzaɓin Lassa a Unguwannin Jos

Duk ɗan Jos ya san asibitin Jankwano, amma ba kowa ya san cewa a ɗakunansa duniya ta fara sanin zazzaɓin Lassa ba. A farkon 1969 aka ɗauko wata nas 'yar mishan, Laura Wine, daga garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, aka kawo ta Jos jiki ya yi tsanani, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kwanta, ba ta tashi ba. Ta uku, Lily Pinneo, sai Amurka aka kai ta, Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Da shekara ta zagayo, a 1970, cutar ta sake ɓulla a asibitin, ta kama marasa lafiya da ma'aikata, har ta tafi da likita Jeanette Troup, wadda ta yanke a hannu tana binciken gawa.

Dubi jerin nan da kyau. Wadda ta yi jinya, wadda ta yi jinyar mai jinya, wadda ta taɓa gawa. Har gobe ta wannan hanyar cutar ke tsallakawa daga mutum zuwa mutum, ta hannun waɗanda suka fi kowa tausayin mara lafiya. Aikin mai bin sawu shi ne ya gano waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, ya riga cutar isa ƙofarsu, ya tsaya da su har kwana 21 su cika.

Na rubuta wannan ne domin ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa, da ɗan agaji, da matar da aka ɗauka aikin sa kai ranar da abu ya tashi, da mai unguwar da za a kira tsakar dare. Na ɗauki Lassa ne domin ita ke zagayo mana duk rani. Sauran cututtukan zan taɓa su can ƙasa.

Ka san abin da kake bi

Asalin cutar daga wani ɓera ne mai nonuwa da yawa, wanda ke zama cikin gidaje da kewayensu. Shi ba ta yi masa komai, amma tana fita a fitsarinsa da kashinsa, ta shiga hatsi ko garin kwaki ko kwanon da aka bari a buɗe. Tsakanin mutane kuwa, ta jini take bi, da amai, da fitsari, da bayan gida, da ruwan haihuwa. Wanda ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce "yaya jiki" ba shi ne abin damuwa ba. Wadda ta kwashe aman da hannu ita ce.

Bayan ta shiga jiki tana iya yin shiru har kwana 21 kafin ta nuna kanta. Daga nan lissafinmu ya samo asali. Kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu, ciwon bai yi musu tsanani, wasu ma ba sa sanin sun yi. Sauran biyun ne ake jin tsoro, musamman mai tsohon ciki.

Farkonta ba ta da bambanci da maleriya ko taifot: zazzaɓi, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro, ciwon ƙirji, amai, gudawa. Mutanenmu sun haddace cewa Lassa ita ce mai sa jini ya fito ta hanci da baki, don haka suna zaune suna jiran jini. Jini a ƙarshe yake zuwa, kuma ba kowa yake zuwar wa ba. Abin da zai tsayar da kai shi ne zazzaɓin da aka sha maganin maleriya, aka sha na taifot, ya ƙi sauka, ballantana daga Disamba zuwa Maris. Ko gwaji ya nuna maleriya, wannan bai wanke mutum ba, domin biyun kan haɗu a jiki ɗaya.

Mataki na farko: ka sanar, yau ba gobe ba

Kowace ƙaramar hukuma cikin 17 na Filato tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ma'aikata ke kira DSNO. Lambarsa ta kamata ta kasance a manne a bangon kowane asibiti da kowane kemis. Shi za ka fara kira, shi kuma ya kai ga babban jami'in annoba na jiha, daga can labari ya isa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a Abuja. In ba ka same shi ba, akwai layin NCDC na kyauta, 6232. Zato kawai ya isa a kira. Ba a jiran sakamakon gwaji, kuma mutum ɗaya tak da aka tabbatar yana da Lassa, a ƙa'ida annoba ce.

Kafin jami'ai su iso, a ware mara lafiya a ɗaki shi kaɗai, da bokitinsa da kofinsa da fonsa na bayan gida. Mutum ɗaya ya yi jinya, kada ya zama mai ciki ko mai goyo ko tsohuwa. Ya sa safar hannu, in babu ya ɗaura leda mai kauri biyu. Ɗibar jini aikin mai gwaji ne da aka horar, shi ya san yadda ake rufe shi ninki uku a sa a sanyi a aika ɗakin gwajin da aka amince da shi, irin babban ɗakin gwajin NCDC na Gaduwa a Abuja. Kada wani ya ce zai taimaka da sirinjin kemis.

Ruwan kashe ƙwayar cuta kuwa a gida ake haɗa shi. Duba jikin robar bilic. In an rubuta kashi 3.5 cikin 100, ka zuba kofi 1 na bilic a kofi 6 na ruwa. Wannan mai ƙarfin ke nan, na zubawa a kan amai da jini da wanke masai. Ka ɗebi kofi 1 daga wannan haɗin ka ƙara masa kofi 9 na ruwa, ka sami mai sauƙi na wanke hannu. Kullum ake sabo, domin wanda ya kwana ya salance. A rubuta a jikin kowane bokiti, a kuma ɗaga su daga inda yara ke kaiwa.

Mataki na biyu: yadda za ka shiga gidan

A nan yawancin aiki ke lalacewa tun ba a fara ba. Na taɓa bin wata tawaga da ta shiga wani lungu da motoci uku masu tambari, mutum ya fi goma, wasu har sun rufe fuska tun daga bakin titi. Kafin mu yi sallama yara sun cika layin, mata sun leƙo ta katanga. Mai gidan ya fito ya tsaya a ƙofar zaure ya ce shi da matarsa kaɗai suka yi jinya, ba wanda ya zo dubiya. Gidan haya ne mai ɗaki tara da masai ɗaya. Sai da muka yi kwana uku muna lallashi kafin mu sami sunayen da za mu iya samu cikin awa ɗaya.

Ku tafi ku biyu, namiji da mace, da kayan gida. A bar mota nesa a tako. Ka fara biyawa ta wurin mai unguwa, ka ce: "Ranka ya daɗe, akwai wani gida da muke so mu duba lafiyar mutanensa, mun ce ba ma shiga ba da saninka ba." In unguwar Kiristoci ce, irin su Tudun Wada ko Kabong, fasto da shugabar zumuntar mata su ne ƙofarka. Jos gari ne da kowa ya san inda yake jin daɗin shiga da inda yake ɗari-ɗari, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Shugaban tawaga mai hankali yakan tura kowa inda aka san fuskarsa, ko ya haɗa shi da ɗan unguwar.

Kayan kariya na masu ɗaukar mara lafiya ne da masu feshi. Kai mai tambaya ba ka buƙatarsu, muddin za ka zauna a tsakar gida ko zaure, da ɗan tazara, ba ka taɓa kowa ba. Maganar ruwan baƙo ita ce mai wuya. Za a kawo, ƙin sha kuma cin fuska ne. Ni nakan riƙe gorata a hannu tun daga waje, in ce: "Na gode Mama, kin ga yanzu na sha." Hannu ma haka. Ka dafe ƙirji ka ɗan rusuna, ka yi gaisuwar ta yi tsawo yadda ba za a lura ba a yi musabaha ba.

Ka gaisa sosai, ka tambayi mai jiki, in rasuwa aka yi ka yi ta'aziyya tukuna. Fom ya zauna a jaka. Kalmar "bincike" kada ta fito daga bakinka, domin kunnen talaka 'yan sanda take kawo masa. Ga irin abin da nake faɗa: "Baba, ciwon nan yana da magani in an kama shi da wuri. Abin da ya kawo mu shi ne mu san waɗanda suka yi hidima da shi, mu riƙa duba su kullum, ko da wani zai ji jikinsa mu riga ciwon. Ba wanda za a kama, ba wanda za a kulle, sunan kowa kuma yana hannunmu."

In ka faɗi wannan, to ka cika. Sunan mara lafiya ba ya fita daga bakinka a majalisa, hoton fom ba ya shiga WhatsApp na unguwa.

Mataki na uku: jera kwanaki, fitar da sunaye

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ba a yin sa a tsaye. Abu na farko da za ka kafa shi ne ranar da ciwo ya fara. Ba ranar da aka je asibiti ba, ranar da ya fara cewa jikinsa ba daɗi. Mutane ba sa riƙe kwanan wata, amma suna riƙe al'amura. Ka tambaya: ya je Juma'ar da ta wuce? Wadda ta gabace ta fa? Ranar sunan gidan maƙwabta yana tsaye? Yaushe ya daina fita kasuwar Farin Gada? Da haka za ka matse ranar.

Daga wannan rana tambaya ta rabu biyu. Ka koma baya kwana 21 kana neman inda ya ɗauko: tafiya ƙauye, zuwa jana'iza, jinyar wani, sharar rumbu ko sito, kwana a shagon hatsi, farautar ɓeraye da yara kan yi in an cinna wa daji wuta. Sannan ka yi gaba daga ranar zuwa lokacin da aka ware shi, kana neman waɗanda ya iya shafa wa.

Kada ka ce "su wa ya yi mu'amala da su?" Amsar da za ka samu ita ce "ai ba kowa." Tambayar ta zama ta aiki, ɗaya-ɗaya. Wa yake kwana ɗaki ɗaya da shi? Wa ke kama shi zuwa ban-ɗaki? Da ya yi amai, wa ya kwashe? Wa ya wanke zanin gadon? Wa ya cinye sauran kunun da ya rage? Wa ya riƙe shi a cikin keke? An kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga? An kai shi wurin malami an yi tofi, ko an kai shi addu'a an ɗora masa hannu? Wa ya yi masa allura?

Tambayar ƙarshen nan ka riƙe ta da kyau. A Unguwar Rogo ko Gangare ko Rikkos, da wuya ka ga wanda zazzaɓi ya kama ya nufi babban asibiti kai tsaye. Kemis ne farko, sai nas ɗin unguwa da ke zuwa gida ta ɗaura ruwa, sai ƙaramin asibiti mai zaman kansa, sai jiki ya rikice a kwasa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko Jankwano ko asibitin ƙwararru na jiha. Kowace tasha a nan akwai wanda ya soka allura da hannu tsirara. Iyali kan ɓoye mai kemis don kada su ja masa, shi ma yana tsoron a rufe masa shago. Ka same shi a keɓe, ba gaban masu saye ba, ka nuna masa ba takardunsa ka zo dubawa ba, ransa ka zo tsarewa. Mai kemis da ya yarda da kai, gobe shi zai kira ka ya ce ga wani can zazzaɓinsa ya ƙi ji.

Abokiyar aikinka ta shiga cikin gida ita kaɗai. Mai gida ya san wanda ya biya kuɗin magani, amma bai san wanda ya wanke fo ba. Matan gida ne suka sani, kuma ba za su faɗa a gabansa ba, wani lokacin ma ba za su faɗa a gaban juna ba. In da kishiyoyi, a ji kowace ita kaɗai. A tambayi 'yar aiki, da yarinyar da ake riƙo, da almajirin da ke wanke-wanke yana karɓar ragowar abinci. Shi almajirin nan kusan kullum sai an manta da shi, alhali da daddare cikin yara da yawa yake kwana a makaranta. In sunansa ya fito, sai ka je ka durƙusa gaban malaminsa: "Allah ya gafarta Malam, akwai ɗalibinka da muke so mu riƙa dubawa."

Sai asibitocin da ya ratsa. A nemi takardar aikin kwanakin, a fitar da likita da nas da mai gwajin jini, kada a tsaya nan. Mai shara, mai wanki, mai tura gado, ɗalibai masu koyon aiki, mara lafiyar da ke gadon kusa da mai jinyarsa, duk su shiga.

Kowane suna a rubuta shi da laƙabin da aka fi sanin mutum da shi, da shekaru, da lambar waya biyu, tasa da ta wani na kusa, da kwatancen gida irin namu: bayan masallacin kaza, gida na uku mai jar ƙofa, kusa da mai niƙa. Sai irin taɓawar da ya yi, da ranar ƙarshe da ya yi ta. Jami'in ƙaramar hukuma zai shigar da su manhajar bin sawun cututtuka ta SORMAS, amma kai ka riƙe takardarka, domin waya na mutuwa, sabis na ɗaukewa.

Jerin ranar farko bai taɓa cika ba. Ka koma washegari, ka koma jibi, ka ce "Hajiya, ko an tuna da wani?" Sunan da ya fi hatsari sau da yawa sai a zuwa na uku yake fitowa, bayan an ga ba ka zo da sharri ba: ƙanwar da ta kwana biyu tana jinya ta koma gidan mijinta a Bukuru, ko direban da ya ɗauke shi a kafaɗa ya wuce Bauchi da lodi.

Mataki na huɗu: wa ya fi kusa da wuta

Wanda jini ko amai ko fitsari ya taɓa fatarsa ba kariya, ko ya fantsar masa a ido ko baki, ko allura ta soke shi, ko ya wanke gawa, ko miji da mata, waɗannan su ne sahun gaba. A kai sunansu ga likita ranar, shi zai duba ko za a ba su ribabirin na kariya. Ba maganin da za a saya a sha da ka ba ne, kuma yana illa ga ɗan tayi. Sahu na biyu su ne 'yan gida ɗaya da masu hidima da ba su taɓa ruwan jiki kai tsaye ba. 'Yan dubiya da suka tsaya nesa a ba su lambar waya da bayanin alamomi. In ka ce kowa da ya shigo layin sai ka auna shi kullum, ƙarfinka zai ƙare a kan waɗanda ba su da komai.

Mataki na biyar: zuwan kullum

Ranar taɓawa ta ƙarshe ita ce sifili. Wadda ta yi jinya har ranar 3 ga wata, sai 24 ga wata za a sallame ta. In wani ya sake kwanciya a gidan, lissafin duk wanda ya taɓa shi ya koma farko. Ka faɗa musu wannan tun ranar farko, kada ya zo musu a ba-zata.

Ana auna zafin jiki safe da yamma. Inda hali ya yi, kowa da ma'auninsa, ka koya masa sa shi a hammata har ya yi ƙara, ya nuna maka lambar ka rubuta. In ɗaya ake rabawa, a goge shi tsakanin mutum da mutum. Digiri 38 ko sama, a kira nan take. Ka kuma dubi mutum da idonka: ya ci abinci? Muryarsa ta dushe? Yau a kwance ka same shi alhali jiya yana tsakar gida? "Lafiya lau" ta waya ba abin dogara ba ce, domin Bahaushe ko yana kan gargara "da sauƙi" zai ce. Gani ya kori ji.

Lokacin Ibola a 2014, bayan Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar daga Laberiya, ya sauka Legas ranar 20 ga Yuli, kuma likita Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, mutum 894 aka jera, aka kai musu ziyarar ido da ido kusan 18,500. Cutar ta tsaya a mutum 20, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita. Raba ziyarar nan da yawan mutanen, za ka ga kusan sau 21 aka taka ƙofar kowa.

Abu biyu ke ɓata lissafi. Na farko farasitamol. Wanda ke tsoron a tafi da shi yakan haɗiye biyu kafin ka iso, ma'auni ya nuna lafiya. Ka roƙe su kada a sha komai sai an auna, ka kuma riƙa sauya lokacin zuwanka. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak kuwa a guje su gaba ɗaya, domin suna ƙara zubar jini. Na biyu neman abinci. A zazzaɓin Lassa, wanda ba shi da alama ba a kulle shi, yana iya fita sana'arsa. Abin da ake roƙo shi ne ya samu a auna shi, kada ya ba da jini, kada ya yi doguwar tafiya ba sanarwa. Mai faskare ko ɗan dako ba zai zauna jiranka har hantsi ba. Ka same shi bayan sallar asuba, ko ku yi alkawari a wani wuri da ba idon abokan sana'arsa.

Wanda aka nema aka rasa kwana ɗaya, a sanar da shugaban tawaga da yammar. In ya bar gari, ba kai za ka bi shi ba. A miƙa sunansa da lambarsa ta hannun jami'in jiha zuwa takwaransa na can, su ci gaba da ƙirga daga inda ka tsaya.

In zazzaɓi ya tashi

Daga wannan lokacin ya zama wanda ake zato. A ware shi, a kira, a jira motar da aka tanada. Kada a tare keke a cusa shi da mutum uku. Ka zauna da iyali ka gaya musu inda za a kai shi, da wanda za su kira su ji labarinsa, da yadda za a kai masa abinci. Tsoron mutane shi ne a tafi da nasu su daina jin ɗuriyarsa. Ka tuna musu cewa maganin ya fi aiki a kwanaki 6 na farko, kuma shi ya zo a rana ta ɗaya. Kai kuma ka buɗe sabon shafi, ka fara jera nasa mutanen tun kafin sakamako ya dawo.

In an yi rasuwa

Gawar mai Lassa tana ɗauke da cutar sosai, mu kuma ba ma barin gawa ta kwana. Kafin jami'i ya ɗaura takalmi an yi wanka an sa likkafani. Saboda haka maganar nan da liman ake yin ta tun mara lafiya na da rai, ba ranar da ake kuka ba. Tawagar da aka horar ce ke shirya gawar. Malamai sun san hukuncin gawar da ba ta wankuwa, su ne za su yi wa dangi bayani da bakinsu, ba kai ba. Ana yin salla, ana raka shi maƙabarta, dangi na tsaye suna gani. Haka a coci, a yi addu'a ba tare da buɗe akwati ba. 'Yan agajin Izala da na Jama'atu da Fityanu su ne ke ɗaukar makara a garin nan, don haka duk shirin da ba su a ciki a takarda zai tsaya.

In ka iso an riga an binne, kada ka yi faɗa. Ka yi ta'aziyya, ka nemi wanda ya yi wanka, da mai zuba ruwa, da wanda ya wanke tabarma da kayan mamacin. Duk sahun gaba ne.

Bakin mutane

Waɗanda suka yi wayo a Agustan 2014 sun tuna daren da waya ta yi ta ƙara ana cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha, wai maganin Ibola. An kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa ransu, a garuruwan da Ibolar ba ta ko leƙa ba. Duk abin da ka ji ana faɗa a majalisa ko wurin mai shayi, ka rubuta ka kai taron yamma kamar yadda kake kai lambobin zafi. Amsa ta fito ta bakin wanda ake ji: huɗubar Juma'a, sanarwar coci, shirin Hausa na rediyo, da wanda ya warke ya yarda ya yi magana. Ka kuma sa ido a kan gidan da kake bi. In aka daina sayen ƙosan matar gidan, aka hana yaransu ɗibar ruwa a rijiya, gida na gaba da ciwo ya shiga zai rufe bakinsa. Mai unguwa ya je ya zauna a ƙofar gidan a gan shi, ya fi dogon jawabi.

Ɓeran kansa

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Hatsi da gari su koma cikin durom ko roba mai murfi, a daina shanya a ƙasa a bakin hanya, a wanke kwanuka kafin a kwanta, a toshe ramuka da siminti, a nisanta juji da gida. Kashin ɓera ba a share shi a bushe, a yayyafa ruwan bilic tukuna. Mataccen ɓera a ɗauke shi da leda a binne.

In ba Lassa ba ce

Tsarin ɗaya ne, kwanaki da abin yi ne ke sauyawa. Mashaƙo, wanda ya addabi Kano da maƙwabta tun ƙarshen 2022, ta numfashi yake bi, don haka 'yan aji ɗaya da 'yan ɗaki ɗaya duk suna ciki, kuma ana ba su maganin kashe ƙwayar cuta da allurar rigakafi ko da lafiyarsu ƙalau. Ƙyanda tana yaɗuwa tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, sai a koma baya da lissafi, a nemi yaran da ba a yi wa allura ba. Ƙyandar biri kwana 21 ce kamar Lassa. Korona kwana 14 aka riƙa bi. Amai da gudawa kuwa, ruwan ake bi fiye da mutanen: wace rijiya, wane mai garuwa, wane rafi, kuma cikin kwana 5 mai kamuwa yake nunawa.

Ranar sallama

Ranar 21 ka auna na yamma, ka rubuta, ka gaya wa mutum a gaban iyalinsa cewa ya fita, in ya yarda mai unguwa ma ya ji. Ka sa hannu a fom ka miƙa wa jami'in ƙaramar hukuma.

Wanda ya kwanta ya warke kuwa, da sauran zuwa gidansa. Ƙwayar cutar kan daɗe a maniyyi har wata 3, don haka namiji ya yi wa miji wannan bayani a keɓe, mace ta yi wa matar, a kan haƙuri ko kwaroron roba. Mai shayarwa ta bi abin da likita ya ce kafin ta mayar da yaro nono. Sannan kusan 1 cikin 4 na waɗanda suka tashi daga ciwon kan sami matsalar ji, wani ya dawo bayan wata 1 zuwa 3, wani ya zauna. In ka je, ka tsaya ta bayansa ka kira sunansa a hankali, ta dama sannan ta hagu. In bai waiwayo ba, ka rubuta masa takardar zuwa asibitin kunne.